Wanne "Mai Shara" Ya Dace Da Akwatin Kifinka?

Duk wanda ya taɓa ajiye kifin ado a falo ya san ranar da abin ke fara ɓata rai. Makon farko gilashi tas, ruwa garai-garai, baƙo na shigowa sai ya tsaya kallo kafin ya zauna. Kafin wata ya zagayo wata ƙura-ƙura mai ruwan ƙasa ta hau gilashin, ta lulluɓe duwatsu da ganyen tsirrai. Can kuma kore ya biyo baya. Gansakuka ta iso ke nan. Sai mutum ya koma wurin mai sayar da kifi da kukansa, shi kuwa dama maganin na bakinsa: "Alhaji, mai shara za ka saya, guda ɗaya ya ishe ka." Ya sa 'yar koma ya kamfato wani baƙin kifi mai faɗin kai, tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba, wanda ke manne da gilashi da baki kamar an liƙa shi da ƙaro.

Inda gizo ke saƙar shi ne "mai shara" ba sunan kifi ɗaya ba ne. Laƙabi ne da ake maƙala wa kifaye barkatai, wasu ko dangantaka ba su da ita. A cikinsu akwai wanda iyakarsa santimita 4 har ya mutu, akwai wanda zai kai tsawon kamu. Akwai wanda gansakuka ce tuwonsa, akwai wanda ko kallo ba ta ishe shi ba. A ƙuruciya kuwa yawancinsu kama suke, shi ya sa ake yi wa rogo kallon kitse.

Mafi yawan masu mannewa da gilashin nan 'yan gida ɗaya ne, gidan da masana ke kira Loricariidae. 'Yan uwan tarwaɗa ne na nesa, amma asalinsu kogunan Amurka ta Kudu ne da wani yanki na Amurka ta Tsakiya, kuma an ƙididdige fiye da nau'i 900 a cikinsu. Tarwaɗarmu santsi gare ta, su kuwa sulken ƙashi ne jere a jikinsu. Bakinsu yana ƙasan kai, zagaye da leɓe mai tsotso, cikinsa 'yan haƙora ƙanana da suke kankare dutse da itace da su. Da wannan bakin suke riƙe dutse a ruwa mai gudu, da shi kuma suke kiwo.

Bari mu fara da wanda ya kamata a guje wa, tunda shi ne ya fi yawa a shaguna, shi ne kuma ya fi araha. 'Yan kasuwa na ce masa fileko, an gutsuro sunan ne daga Hypostomus plecostomus, ko da yake yawancin waɗanda ake sayarwa yanzu 'yan jinsin Pterygoplichthys ne, masu doguwar ƙayar baya kamar tutar jirgin ruwa. Ana sayar da shi yana santimita 5 ko 6. Ba a faɗa wa mai saye cewa zai kai santimita 40, wani har 50, kuma zai yi shekara goma ko fiye yana nan daram. Akwatin da aka fi sawa a falo, mai tsawon santimita 60 da faɗi 30 da tsayi 30, lita 54 kacal yake ci, wato jarkar 'yan garuwa biyu da 'yan kai. Cikin shekara guda wannan kifi ya fara kasa juyawa a ciki. Yana girma kuma yana rage sha'awar gansakuka, ya koma wawurar abincin sauran kifaye, ya tumɓuke tsirrai, ya riƙa zubo kashi zarara-zarara kamar igiya. An sayo mai shara, an ƙare da mai zubar da shara.

Abin da ke biyo baya ya fi muni. Mai kifi ya gaji, tausayi ya hana shi kashewa, sai ya kai shi rafi ko dam ya saka. Ta wannan hanya da ta gidajen kiwonsa fileko ya mamaye ruwaye a ƙasashen da ba nasa ba. A Meziko masunta na ce masa shaiɗanin kifi, don a madatsar ruwa ta Infiernillo ya cika koma, ya kassara kamun karfasa da dubban mutane ke ci da shi. A Filifin ya cika kogin Marikina da tafkin Laguna, a Jakarta ta Indonesiya ya cika kogin Ciliwung. Yana haƙa ramuka a gaɓar kogi don yin ƙwai har gaɓar ta zube, ƙayoyinsa na yaga koma, yana kuma haɗiyar iska ya rayu a ruwan da wasu kifaye ba sa iya zama. A maɓuɓɓugan ruwa na Florida har jikin ayu yake mannewa yana kankarar gansakukar bayansa, ya hana shi sakat. Ruwanmu mai ɗumi ne irin wanda yake so. Wanda ya riga ya saya, ya mayar wa mai shago ko ya ba mai babban tanki, amma kada ya kai shi Tiga ko Kainji ko kududdufin bayan gari.

Akwai kuma waɗanda ake yi wa ƙazafin cin gansakuka alhali ba ruwansu. Corydoras, 'yan gajerun nan masu gashin baki da ke yawo a ƙasan akwati cikin ayari, kifaye ne masu daɗin sha'ani, amma tsutsa da ragowar abinci suke tona a yashi. Haka ƙurungu, wanda masuntan Neja da Binuwai da tafkin Cadi suka sani tun kaka da kakanni. Danginsa, Synodontis, sun shiga kasuwar kifin ado sosai, musamman ɗan ƙaramin nan na kogin Kwango mai iyo a rigingine. Abin kallo ne, amma ƙwari da tsutsa ne mafi yawan cimarsa, ba zai wanke maka gilashi ba. Sai wanda ake ce wa mai cin gansakuka na Sin, Gyrinocheilus. Shi ko ba tarwaɗa ba ne, asalinsa ma yankin su Tailan ne. Yana ƙarami yana aiki, in ya girma ya haura santimita 20 sai faɗa, har ya riƙa manne wa kifaye masu faɗin jiki yana tsotse yauƙin fatarsu.

Kafin a zaɓi kifi ma, sai an dubi gansakukar, don ba iri ɗaya ba ce. Mai ruwan ƙasa da ke gogewa da yatsa, wadda ke fitowa a sabon akwati, ita ce mafi sauƙi, sau da yawa da kanta take ja da baya in akwatin ya kwana biyu. Ita da kore mai laushi da ke shimfiɗuwa a gilashi su ne abincin waɗannan kifaye. Amma ɗigo-ɗigon kore mai tauri, wanda sai da reza yake fita, da ƙyar suke taɓa shi. Baƙar mai kama da gemu da ke tsirowa a gefen ganye ba tarwaɗar da za ta cinye ta; wannan aikin wani kifi ne ɗan gidan su kaf, Crossocheilus. Ruwa in ya koma kore shar kamar miyar kuka, gansakukar tana yawo ne cikin ruwan, ba abin da za a kankara. Sai shimfiɗar nan mai shuɗi-shuɗi da wari, mai ɗagowa kamar fata: ita bakteriya ce, ba kifin da ke cin ta. Kuma dai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hasken da ya yi yawa da abincin da ake zubawa fiye da kima su ne tsagar. Akwatin da ke bakin taga rana na dukansa, ko fitilarsa ke kwana a kunne, ko yara ke watsa masa abinci duk wanda ya gifta, ko mai shara goma aka zuba gansakuka za ta fi ƙarfinsu. Awa 6 zuwa 8 na fitila a yini ya isa, a kuma riƙa canja kamar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako.

To, mu zo kan ƙananan na gaskiya. A nan sunaye biyu ne ke gaba, kuma a kansu ne masu kiwo suka fi ja-in-ja.

Na farko Otocinclus, wanda ake taƙaitawa oto. Masanin Amurka Edward Cope ne ya raɗa wa jinsin suna a 1871, daga kalmomin Girka biyu masu nufin kunne da raga, saboda 'yan hudojin da ke ƙashin gefen kansa. Yawancin waɗanda ake sayarwa ba sa wuce santimita 4 zuwa 5, da baƙin layi daga hanci zuwa wutsiya. Akwai mai zane irin na jakin dawa, Otocinclus cocama na ƙasar Peru, wanda sai a 2004 aka yi masa suna, kuɗinsa kuma ya fi na sauran. Idan aikin ake magana, ban san kamar oto ba. Yana bin ganye ɗaya bayan ɗaya yana share shi ba tare da ya huda ba, yana shiga lungun da hannu ba ya kaiwa, ba ya faɗa da kowa, ba ya damun ko 'yan jatan lande. Da rana ma yana aiki ana kallonsa. Shi ya sa masu shirya lambun cikin ruwa, bin sawun Takashi Amano na Japan, suka riƙe shi hannu biyu.

Amma oto na da labarin da mai shago ba ya bayarwa. Kusan duk wanda ka gani a kasuwa daga daji aka kamo shi, don kiwata shi har ya hayayyafa da yawa abu ne mai wuya. A kogunansu garke-garke suke yawo, ana kamfato su da yawa, a tara su a garuruwa irin su Iquitos, a sa su jirgi, su sauka hannun dillali, daga nan wani dillalin, kafin su iso shago. Duk tsawon tafiyar nan a tankuna tsirara suke, ba gansakuka, alhali kifi ne da cikinsa ya saba da kiwo dare da rana. Yana isowa da yunwar makonni. Shi ya sa ake yawan jin an sayi shida, an wayi gari da huɗu, mako na zagayowa saura ɗaya. Ni ma na sha wannan. Na zuba guda uku a akwatin da bai cika wata ɗaya da haɗawa ba, cikin kwana biyu suka share shi ƙal, ina ta murna, ashe abincinsu ne ya ƙare. Ban farga ba sai da na ga cikinsu ya lotsa, lokacin kuwa bakin alƙalami ya bushe.

Darasin da ke ciki biyu ne, kuma a haɗe suke. Oto ba kifin sabon akwati ba ne. Sabon akwati na bukatar mako 4 zuwa 6 kafin bakteriyar da ke zaune a matatar ruwa su yi yawan da za su mayar da amoniyar kashin kifi ta zama abin da ba ya kisa nan take, oto kuwa ba ya jure ko kaɗan daga wannan guba. Bayan haka ma gara a ƙara wata biyu ko uku, sai yauƙin nan mai rai ya kama duwatsu da itace da ganye, don shi ne rabin abincinsa. Sannan ba a ajiye shi shi kaɗai. Shida ne mafi ƙaranci in ana so ya saki jiki, shida kuwa sun fi ƙarfin gansakukar akwati mai lita 54, dole a riƙa ciyar da su. Ka ga abin ya juye: an sayo shi don ya kawar da gansakuka, an koma neman gansakukar da za a ba shi. Wasu masu kiwo har duwatsu suke jiƙawa a roba su ajiye a rana, in sun yi kore su sa masa, su ɗauko wasu. Wannan kam dabara ce da ranarmu ta sauƙaƙa.

Ranar nan dai ita ce babbar matsalar. Littattafan kiwon kifi yawanci a ƙasashen sanyi aka rubuta su, damuwarsu yadda za a ɗumama ruwa. Mu namu akasin haka ne. Oto ya fi jin daɗi tsakanin digiri 22 da 26. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, watan Afrilu da Mayu zafi na kai digiri 40 a waje, ruwan akwati a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki kan haura 30. Ruwa kuma yana ɗumi yana rage riƙe iska: a digiri 20 lita guda na ɗaukar kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 kuwa wajen 7 da rabi, ga shi a lokacin ne jikin kifi ya fi bukatarta. Sai a ɗauke wuta, matata ta tsaya, famfon iska ya yi shiru. Oto na iya haɗiyar iska daga sama ya ɗan taɓa lokaci, amma ba dabarar da za ta kai shi ƙarshen bazara ba ce. Wanda ba shi da sola ko inbata ko ɗan famfon iska mai batir, ya yi tunani sau biyu. Fanka da aka saita tana busa saman ruwa na rage digiri biyu ko uku, sai dai ruwan na saurin ƙafewa, a riƙa cikawa. Zuba ƙanƙara kai tsaye kuwa kuskure ne, don saurin canjin ya fi zafin illa. Da hunturu kuma, musamman a wurare irin Jos, sanyin asuba ne abin lura.

Na biyu shi ne Ancistrus, wanda za ka ji ana kira bristlenose a shago. Ni mai ƙasumba nake ce masa, don namijin in ya balaga wasu tsirrai na nama ke fito masa a hanci, masu rassa, ya koma kamar tsohon da ya shekara bai ga wanzami ba. Macen ba ta da su, in ma akwai 'yan kaɗan ne a gefen leɓe. Kyau dai ba shi da shi, sai ga wanda ya saba. Girmansa santimita 10 zuwa 15, a nan yake tsayawa. Abin da ya fifita shi a wurina shi ne an daɗe ana kiwonsa a tankuna, zuriya bayan zuriya, har an fitar da zabiya da mai dogayen fukafukai. Wanda ka saya a tanki aka haife shi, ya san abincin gwangwani, ya saba da ruwa iri-iri, mai ɗan gishiri-gishirin burtsatse ma bai cika damunsa ba. Yana jure ɗumi fiye da oto in dai akwai iska a ruwan, ko da yake shi ma digiri 30 na kullum wahala ce gare shi. Gilashi da dutse da itace yana kankare su sosai, ya fi yin aikin da dare.

Yana da nasa sharuɗɗan. Akwatin kada ya gaza lita 80, gara ma 100, da matata mai ƙarfi, domin mai ci da yawa ne, abin da ya ci kuwa sai ya fito. Yana son guntun itacen da ya jiƙu ya nutse, wanda zai riƙa gurza yana fakewa a ƙarƙashinsa, da ɗan kogo. Guntun bututun roba ko 'yar tukunyar ƙasa da aka fasa wa gefe ta wadatar. Maza biyu a ƙaramin wuri faɗa za su yi. In abinci ya gaza yakan huce a kan tsirrai masu faɗin ganye. A kuma yi hattara wajen kama shi: a kumatunsa akwai ƙugiyoyi da yake buɗewa in ya tsorata, daga su ma sunansa ya samo asali, suna sarƙewa a koma har a ji masa rauni wajen cirewa. Da kofi ko roba ake kamfatarsa. In aka haɗa mace da namiji kuwa, wata rana za a nemi namijin a rasa, ashe yana cikin kogo kan curin ƙwai masu ruwan lemo, yana yi musu fifita da fukafukai, ko abinci ba ya fitowa ci sai sun ƙyanƙyashe bayan kamar kwana biyar zuwa mako guda. Uwar tuni ta kama gabanta.

Sauran ƙananan ba sai an daɗe a kansu ba. Panaqolus maccus, mai zanen rawaya, bai wuce santimita 10 ba, amma itace yake ci, ɓuya kuma ita ce sana'arsa. Chaetostoma mai kaurin leɓe gwani ne a gansakuka, sai dai ɗan rafukan duwatsu ne masu sanyi da gudu, zafinmu ba nasa ba ne. Farlowella mai kama da tsinke ya fi oto laulayi. Akwai kuma masu lamba: tun 1988 wata mujallar Jamus mai suna DATZ ta fara ba sabbin nau'o'in da ba a raɗa wa suna ba lambobi masu farawa da L. Mafi shahara shi ne L046, Hypancistrus zebra na kogin Xingu a Brazil, fari da baƙi gwanin kyau, tsadarsa kuma ba a magana. Nama ya fi so. Wanda ya saye shi don wanke gilashi ya sayi dokin sukuwa ya ɗaura masa garma.

A shago, ciki ake fara dubawa. Jira kifin ya manne a gilashi ka leƙa ƙasansa: cikin ya zama a cike, ɗan tulu-tulu, ba a lotse ba, ba kuma a kumbure da ja ba. Ido in ya faɗa ciki, yunwa ta yi nisa. Ka dubi fukafukai ko sun yage, da jiki ko akwai fararen ɗigo kamar an barbaɗa gishiri. Ka tambayi mai shago yaushe kayan suka sauka. In jiya ne, ka ba su mako biyu, waɗanda za su mutu su mutu a hannunsa. Ka tambayi sunan kifin na ainihi da iyakar girmansa. In amsar ita ce "ba ya girma" ko "daidai akwatinka zai tsaya", ka riƙe kuɗinka. Ɗan fileko da ɗan mai ƙasumba ana iya bambance su ta ƙayar baya: ta Pterygoplichthys doguwa ce mai tsinke goma ko fiye, ta Ancistrus gajera ce mai bakwai ko takwas. In ka kawo gida, ka bar ledar ta yi iyo a saman ruwa minti 20, kana ɗan zuba mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan kafin ka saki. Ruwan famfo kuwa sai an kashe kulorin ɗinsa tukun. Maganin kifi mai sinadarin tagulla, da gishirin da masu kiwon tarwaɗa suka saba zubawa a tanki, kada a yi gaggawar gwada su a kan waɗannan.

Ciyarwa ba wuya. Yankan kokwamba, ko kabewa, ko ganyen alayyafo da latas, a ɗan tsoma a tafasasshen ruwa ya yi laushi, a soke shi da cokali mai yatsu don ya nutse, a sa da daddare, da safe a cire ragowar kafin ta ɓata ruwa. Akwai kuma ƙwayoyin abinci masu nutsewa da ake yi da gansakuka. Mai ƙasumba zai far musu daren farko. Oto kan yi kwanaki yana kewaya kokwamba bai san abinci ba ce, sai an yi haƙuri ana maimaitawa.

In aka tambaye ni, ga inda na tsaya. Mai akwatin da bai kai lita 50 ba ya haƙura da tarwaɗa kowace iri, ya sayi soso da reza, ko ya nemi dodon koɗin nan da ake kira nerite. Mai akwatin da ya haura wata uku, cike da tsirrai, a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta yankewa, ya sayi oto shida ya ji daɗinsu. Sauranmu kuwa, masu fama da bazara da ɗauke wuta, in akwatin ya kai lita 80, mai ƙasumba guda ɗaya shi ne zaɓi. Fileko kuma, ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode ka bar shi a shagon.